Sunan da Fadila Ta Ƙi Faɗa

Rafin Guza,
19 ga Agusta.

Zuwa ga Kawu Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Hafsat da yara, da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna a Kurmin Mashi ba irin wadda ya yi mana.

Kawu, kada ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Wayata ba ta hannuna, kuma ko ta maƙwabta na ara, ban san kunnuwa nawa ne a kan layin ba. Talatu mai kayan miya, wadda ke kai wa Anti tattasai, ita za ta miƙa maka wannan hannu da hannu.

Ka san shafina na Fesbuk da na buɗe don tallar ɗinki. Tun da kogi ya shigo mana gidaje, sai shafin ya koma wurin da 'yan unguwa ke kawo kukansu: wa ya rasa akuya, katangar wa ta faɗi, ina za a samu maganin amai da gudawa. Ranar Juma'a na ɗora wani bidiyo. A ciki ana ganin katifu da buhunan shinkafa da aka kawo don waɗanda ambaliya ta kora, ana fito da su ta ƙofar bayan sito ana lodawa a motocin gida. Da rana tsaka, Kawu! Abin da na rubuta a ƙasa layi ɗaya ne: "Ina za a kai kayanmu?"

Ranar Litinin ina tsakar yanka atamfar wata amarya, maza biyu suka yi sallama a ƙofar shago, suka ce ana son ganina, minti goma ne kawai. Tun hantsi na shiga ofishin jami'an da suka aiko su, sai bayan la'asar na fito.

Wani mai farin kaftani da tattausar murya ya ce, "Malama Fadila, wa ya ba ki bidiyon nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya ne abin da ke ciki?"

Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Na ce, "To ni shi nake tambaya."

Sai ya ce a buɗe wayata. Na ƙi. Ɗaya ya riƙe mini wuyan hannu, ɗaya ya kama babban yatsana ya danna. Ba su samu abin da suke nema ba, don ba ta waya aka turo mini ba, a hannu aka ba ni. Da haushi ya kama su, sai suka shiga hirata da Ubaidullah, wanda aka sa mana rana bayan Sallah. Wani yana karantawa da ƙarfi yana kwaikwayon muryar mace, sauran suna dariya. Ban yi kuka ba. Na rantse a raina ba za su ga hawayena ba, kuma ba su gani ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka taimaka a mayar mini da wayata, awon mata sama da arba'in na ciki. Na biyu tambaya ce. Kowa a dangi ya san a ofishin sa ido kan abin da ake rubutawa a intanet kake aiki yanzu. Kawu, ka san za su zo?

Umma ba ta sani ba tukuna. Kada a gaya mata.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Fadila

*

Kurmin Mashi,
21 ga Agusta.

'Yata Fadila,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni, na kuma karanta ta sau biyu. Muna lafiya, Hafsat na gaishe ki. Abin da aka yi miki game da saƙonninki bai dace ba, kuma raina ya ɓaci matuƙa.

Amma ki saurare ni, ni da na haife ki. Ke kina ganin wannan aiki namu leƙen asirin mutane ne kawai. Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba. A rikicin shekarar dubu biyu, kina 'yar shekara biyar, muna da maƙwabci a layinmu, Bulus makaniki. Shekara tara yana gyara mini babur. Ran nan wani ya shigo layin a guje yana ihu cewa an kashe mutanenmu a bakin gada, har da ambaton sunaye. Kafin azahar samari sun afka gidan Bulus. Ni na lulluɓe gawarsa da zanen gadona. Washegari mutanen da aka ce an kashe suka dawo gida da ƙafafunsu. Wannan fa da baki kawai aka yi shi, mutum ɗaya, layi ɗaya. Yau yaro yana kwance a ɗaki zai danna waya, mutum dubu ɗari su gani kafin ya tashi. Garin nan busasshiyar ciyawa ce, Fadila. Dole a samu masu lura da ashana.

Ban ce naki ƙarya ba ne. Amma akwai hanya. Da kin rubuta koke kin kawo mini, da na san teburin da zan ajiye shi.

Ga shawarata, kuma ina so ki ɗauke ta a matsayin umarni. Za a sake kiran ki. Za a ba ki takarda mai cewa kin ɗora bidiyon ba tare da tantancewa ba, kina neman afuwa, kuma za ki rufe shafin. Ki sa hannu. Idan suka nemi sunan wanda ya ba ki, ki faɗa. Shi ya san abin da ya taka, ke kuwa mace ce mai aure a gabanta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kika yi haka, wayarki za ta dawo hannunki a ranar, na kuma yi miki alkawarin maganar za ta mutu a nan.

In kika ƙi, za a kai ki kotu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kuma a can hannuna ba ya kaiwa.

Allah ya yi miki albarka, ya shirye mu baki ɗaya.

Kawunki,
Abdurrahim

*

Rafin Guza,
27 ga Agusta.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Allah ya saka da alheri da ka ba ni amsa da wuri.

Labarin Bulus ya taɓa ni, wallahi. Amma Kawu, wanda ya shigo layinku da ihu ƙarya ya yi. Ni fa? Ka zo firamaren unguwarmu ka gani. Mata talatin da 'ya'yansu ne a aji biyu, suna kwana a kan kwali. Baba Asabe, mai shekara saba'in, a kan benci uku da aka haɗa take kwana, katifarta kuwa tana cikin motar wani. In akwai ashana a maganar nan, ba ni na ƙyasta ta ba.

Ka ce da na kawo koke. Matan nan sun kai koke sau biyu, da hannun mai unguwa a jiki. Ina yake? Amma layi ɗaya da na rubuta, cikin kwana uku an samo shagona a lungun da ko mai Keke sai an yi masa kwatance. Ashe gwamnati na da ido haka? To me ya hana idon nan ganin ƙofar bayan sito?

Sun sake kirana ranar Alhamis, kamar yadda ka ce. Har da lemon kwalba aka ba ni. Mai farin kaftani ya turo mini takardar da biro.

Ya ce, "Suna ɗaya, sa hannu ɗaya, ki tafi da wayarki."

Na ce, "Wanda ya ba ni, da ya yi shiru, da ba abin da ya same shi. Ya amince da ni ne. In na faɗi sunansa, gobe wa zai sake gaya wa wani gaskiya a unguwar nan?"

Ya ce, "Kin san inda wannan taurin kan zai kai ki?"

Na ce, "Na sani. Lemon ma na gode." Na tura masa kwalbarsa ban buɗe ba.

Ko a wannan takardar ba zan rubuta sunan ba, ba don ban yarda da Talatu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya fara cin jikina. Mata shida sun aiko an karɓe musu yadinsu. A zauren Watsap na matan unguwa, an ce mini in aka ambaci sunana sai kowa ta yi tsit, wasu ma sun fice. An kira mahaifin Ubaidullah a waya, ban san me aka gaya masa ba, ya dai aiko cewa a ɗan dakata da maganar biki sai ƙura ta lafa. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Ranar Alhamis a ofishinsu, da zan tashi, iskar fanka ta ɗaga bangon fayil ɗina, na ga rubutu da koren biro a gefen shafin farko. Kawu, duk littattafaina na firamare kai ka rubuta mini suna a bangonsu. Na san yadda kake jan wutsiyar harafin F. Na tambaye ka a wasiƙar farko ko ka san za su zo, ka ba ni amsar komai ban da wannan.

Ina sake tambaya.

'Yarka,
Fadila

*

Kurmin Mashi,
30 ga Agusta.

Fadila,

Salamun alaikum. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Rubutuna ne.

Kullum da safe ma'aikatan da ke ƙarƙashina suna kawo mini jerin shafukan da suka yi tashe, ni kuma in rubuta abin da ya kamata a yi da kowanne. Ranar Litinin ɗin nan na ga naki a lamba ta uku. Da na cire shi, da an gane, domin darakta ya riga ya ga bidiyon a wayarsa. Sai na rubuta: "A kira ta, a gargaɗe ta, a sallame ta." Na ɗauka na kare ki ke nan. Na ce a raina, in ta ji tsoro sau ɗaya za ta bari, kafin manyan hannaye su kai gare ta. Ban kira ki na gaya miki ba, domin tawa wayar ma ban san wa ke saurare ba. Ki ga inda muka kai kanmu.

Akwai abin da ya fi wannan. Duk abin da aka kwashe daga wayarki, teburina aka kawo shi, domin ni ne nake sa hannu cewa kwafin daidai yake da na asali. Ba na iya sa hannu a kan abin da ban duba ba. Na duba. Shekara talatin da uku ina aikin gwamnati, ban taɓa jin ƙyamar hannuna ba sai ranar.

An shirya kai ki kotu ranar huɗu ga wata. An sa sunana a matsayin shaida na farko, ni zan tabbatar wa alƙali cewa shafin naki ne, saƙonnin naki ne. Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Sadiq yana shekarar ƙarshe a jami'a, Khadija ba ta gama sakandare ba. Ba don ki ji tausayina nake faɗa ba, don ki san inda nake tsaye ne.

Ina roƙon ki, ba umarni ba ne wannan karon. Ki sa hannu kafin ranar. Kada ki sa in tsaya a gaban alƙali ina nuna 'yar Yaya Kaltume da yatsa.

Ki yafe mini in za ki iya.

Kawunki,
Abdurrahim

*

Rigachikun,
2 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Abdu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a yaƙi da jahilci na koya.

Magana ta zo mini a kasuwa, a bakin masu sayen ƙuli. Na rufe tukunya na hau mota zuwa Rafin Guza. Ban ko zauna ba na fara yi wa Fadila faɗa. Na ce ke wace ce da za ki ja da gwamnati, ubanki ya rasu, ba mu da kowa. Na ce ta sa hannu ko in ɗaga mata nono. Sai ta ɗauko takardarka ta karanta mini.

Abdu, ka ce ka duba duk abin da ke cikin wayar. To akwai saƙonnin muryata a ciki. Watan jiya na ji wani ƙulli a ƙirjina, na rasa wanda zan gaya wa, na gaya wa 'yata. Na faɗa mata inda yake da yadda yake, irin maganar da mace ba ta yi sai da 'yarta. Ko Hafsat ban gaya wa ba. Maza nawa ne suka ji? Kai ma ka ji?

Ni na goya ka lokacin da Inna take jinya. Ban taɓa tsammanin zan ji kunyar haɗa ido da kai ba.

Ni ba ni da shafi, ban san bidiyo ba, ban zagi kowa ba. Me na yi aka shiga ɗakina? In don a kama ɓarawo ne, ga ɓarayi can da katifun mutane.

Na janye maganata. Na ce wa Fadila kada ta sa hannu a kan ƙarya, kuma kada ta ba da sunan ɗan mutane. In sun ɗaure ta, ni zan riƙa kai mata tuwo.

Kai kuma ban ce ka yi ƙarya a kotu ba, ban ce ka bar aikinka ba. Kana da iyali. Ka dai tuna gidan da ka fito.

Na je asibiti, sun ce in koma bayan mako biyu. Tun da ka riga ka sani, sai ka sa ni a addu'a.

Yayarka,
Kaltume

*

Gidan gyaran hali, ɓangaren mata,
9 ga Satumba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Lauyata ce za ta kawo maka wannan. Wata matashiya ce daga ƙungiyar lauyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi, Ubaidullah ne ya yi ta yawo har ya samo ta. Duk da maganar mahaifinsa, kullum yana bakin ƙofar nan da kwanon abinci.

Na duba kotu ranar Laraba ban gan ka ba, aka ce sai ranar sauraron shari'a za a kira shaidu. An karanta mini laifi biyu: yaɗa labarin ƙarya da tayar da hankalin jama'a ta intanet. Alƙali ya ce, "Kin aikata?" Na ce, "Na ɗora, amma ba ƙarya ba ne." Lauya ta taka mini ƙafa, wai "ban aikata ba" kawai ake cewa.

An ba da belina, amma da sharaɗi. Sai ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na goma sha huɗu ko sama, mai gida a cikin Kaduna, ya tsaya mini. Kwana biyar ana nema. Wani tsohon malaminmu ya yarda da safe, da yamma ya ce matarsa ba ta da lafiya. Ban ga laifinsa ba. Umma ta ce kaf zuriyarmu mutum ɗaya ne ya kai wannan matakin. Na hana ta zuwa wurinka.

Ba roƙo na zo yi ba, Kawu. Na san shaidan masu ƙara ba ya tsaya wa wadda ake ƙara ya kwana lafiya a ofis. Na san Sadiq da Khadija. Na rubuto ne don kada ka ji daga bakin wani, kuma don ka san ban riƙe ka a zuciya ba. Na yi fushi, fushi mai tsanani, musamman saboda Umma. Amma na zauna na yi tunani, na ga kai ma a tsare kake, naka ɗakin dai da fanka.

Nan ba daɗi. Sauro kamar a bakin kogi, ga zafi. Mu goma sha tara ne a ɗaki. Amma na samu allura da zare a wurin wata gandiroba, na gyara mata siket, yanzu har layi ake yi mini. Akwai wata mata da ta shekara biyu ba a kai ta kotu ba, ba wanda ya san tana nan. Ta ce in na fita in rubuta labarinta. Na ce mata in sha Allahu shi ne na farko.

Jiya mai farin kaftani ya zo da takardarsa. Ya ce, "Yanzu fa?" Na ce, "Ka zo da yadi? Ɗinki kawai nake karɓa a nan."

Ka gaishe da Anti da yara.

'Yarka,
Fadila

*

Kurmin Mashi,
13 ga Satumba.

Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Na kasa amsa takardarki sai yau, domin ba ni da bakin amsawa.

Kin tambaye ni ko na ji. Na ji farkonsa, da na gane muryarki na cire abin kunnen. Amma wasu biyu sun riga ni ji. Ba ni da abin da zan ce sai ki yafe mini.

Ranar Laraba na shiga wurin darakta na ce a cire sunana daga shaidu.

Ya ce, "Saboda me?"

Na ce, "'Yar yayata ce, kuma gobe zan tsaya mata beli."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Malam Abdurrahim, wata nawa ya rage maka?"

Na ce, "Goma sha huɗu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Za ka zubar da shekara talatin da uku saboda yarinya mai taurin kai?"

Na ce, "Na yarda da aikin nan ne don kada a sake kashe mutum a kan ƙarya. Bidiyon nan ni na tantance shi, na kuma rubuta cewa sahihi ne a shafi na huɗu. An cire shafin daga fayil. In aka kira ni kotu, da shi zan fara."

Na fito daga ofishinsa.

Jiya na kai takardar gidana da ta aiki, na sa hannu. Da aka fito da Fadila ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, hularka ta karkace."

Yau da safe na tarar da takardar neman ba'asi a teburina, an kuma mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, inda ba kwamfuta sai ɓeraye. Ban san abin da zai biyo baya ba. Hafsat ta yi kuka, sannan ta ce da na yi akasin haka da ba ta san yadda za ta kalle ki ba.

Ranar komawarki asibiti ni zan zo in ɗauke ki. Kada ki hau motar haya.

Ƙanenki,
Abdurrahim

*

Rafin Guza,
20 ga Satumba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da godiyar da ba ta da iyaka.

An ɗaga shari'a zuwa Nuwamba, wayata kuma tana wurinsu a matsayin shaida. Ubaidullah ya ba ni tsohuwar tasa. Lauya ta duba sharuɗɗan belin layi-layi, ta ce babu inda aka hana ni rubutu, ban da maganar sito da ke gaban kotu.

Saboda haka jibi zan ɗora labarin matar nan da ta shekara biyu a tsare, da izininta. Ga kwafinsa na haɗo maka. Na san wuyanka ne a kan belina, shi ya sa ba zan yi a bayan idonka ba. Ba zan fasa rubutu ba, Kawu, wannan kam ka sani. Amma in ka ce in jira sai an gama shari'a, zan jira, don kai kaɗai.

'Yarka,
Fadila

*

Kurmin Mashi,
21 ga Satumba.

'Yata Fadila,

Wa'alaikumus salam. Na karanta.

A sakin layi na biyu kin ce an kama ta a watan Yuni, a na huɗu kuma kin ce da azumi. Ɗaya ba daidai ba ne. Ki aika lauya ta tambaye ta, ki gyara, don da irin wannan suke kama mutum. Kalmar "azzalumai" kuma ki cire ta, labarin ya isa ba sai da ita ba.

In kin gyara, ki ɗora. Kada ki jira Nuwamba, ita ta jira da yawa.

Allah ya tsare.

Kawunki,
Abdurrahim